Kafin ku kai yara gidan tarihi a Fulorans

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bidiyon yau na iyaye ne, musamman 'yan uwanmu mazauna Turai da masu shirin zuwa hutu Italiya da yara, in birnin Fulorans na cikin tafiyarku to ku ɗan tsaya mu yi magana kafin ku sayi tikitin shiga gidan tarihi na Uffizi. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 in aka shigar da shi wurin nan ba shiri, minti ashirin ya isa ya fara cewa Mama ƙafata, don shi abin da yake gani kawai bango ne da hotunan mutanen da bai sani ba. Amma in ya taɓa gwada irin aikin masu zanen da hannunsa a gida, da kansa zai riƙa jan hannunku.

Kalmar Renesans, sunan zamanin da aka yi da yawa daga zanen da ke wurin, ba sai kun wahalar da shi da ita ba, ma'anarta sake haihuwa, wato lokacin da zane da gini da ilimi suka farfaɗo a Italiya, ƙarni na 14 zuwa na 16. Yaro ba ya gane ƙarni. Ku ce masa an haifi shahararren mai zane Liyonado da Binci (sunan mutum ɗaya ne) a 1452, Sarki Muhammadu Rumfa kuma ya hau sarautar Kano a 1463, ka ga zamaninsu ɗaya ke nan, ana gina Gidan Rumfa shi yana can yana ta zane.

To mu shiga kicin. A farkon zamanin nan da gwaiduwar ƙwai suke haɗa fenti. A fasa ƙwai a ware gwaiduwar, a zuba ɗan ruwa, a raba gida uku, a sa kurkum a ɗaya, dakakken gawayi a ɗaya, jar ƙasa a na ukun, sai a ba yaro takarda mai kauri ya yi ta shafawa, zai ga yadda yake bushewa nan da nan. Daga nan ku tambaye shi, to shuɗi fa ina za mu samu? Ku bar shi ya yi tunani tukuna. Shuɗin da suka fi ji da shi daga wani dutse ake niƙa shi wanda ake ɗaukowa tun daga Afganistan, tsadarsa har takan wuce ta zinariya, shi ya sa ba kowa ake zana wa shuɗiyar riga ba.

Kada a zubar da ɓawon ƙwan. A daidaita rabi-rabi guda huɗu a kife su, a riƙa ɗora littattafai a hankali, yara na mamakin nauyin da suke ɗauka kafin su fashe. Siffar ɓawon irin ta ƙubba ce, wannan shi zai kai ku ga ƙubbar babban cocin Fulorans wadda Burunaleski ya fara a 1420 aka gama a 1436, bulo sama da miliyan 4, kuma bai kafa katakon tallafi daga ƙasa ba kamar yadda magina suka saba, mutumin da asali ma maƙerin zinariya ne. Ana hawa har sama, matakala 463, ni dai ba zan ba ku shawarar hawa da ƙaramin yaro ba.

Sai rubutun Liyonado. Bahago ne, daga dama yake fara rubutu zuwa hagu, yaran da ke zuwa Islamiyya wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu, sai dai nasa haruffan a juye suke sai an kara madubi ake karantawa cikin sauƙi. A ba yaro madubi ya gwada rubuta sunansa haka. A littattafan da Liyonado ke yin irin wannan rubutun ne ya zana na'urorin tashi sama bayan ya daɗe yana kallon tsuntsaye.

Iyaye ga wata magana da ya kamata ku sani tun daga gida. Coci ne da attajirai irin gidan Medici ke biyan masu zanen, don haka hotuna da yawa na addinin Kirista ne, akwai kuma zane da gumakan mutane ba kaya a jiki. Ku duba shafin gidan tarihin a intanet ku zaɓi ɗakunan da za ku shiga, hoto uku ko huɗu sun wadatar a rana ɗaya.

Ɗaya daga ciki ya zama na Liyonado wanda mala'ika ya zo wa Nana Maryam da albishir, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya zana shi. Ku tsaya a gabansa ku ce wa yaron ya nemo muku shuɗin nan mai tsada, in ya samu sai ya duba can baya wajen duwatsu, ya gaya muku me ya sa suka ƙanƙance suka yi dishi-dishi kamar ranar da aka tashi da hazo.