Darasi: Kafin ka tura kuɗin MBA na onlayin, ga inda za ka fara dubawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau maganar digiri na biyu a fannin kasuwanci za mu yi, wato MBA, irin wanda ake yi ta intanet mutum yana gida ko yana ofis. Tambayar ta yi yawa wallahi, wani ma'aikacin banki ne yana son ƙarin girma, wata tana da shago tana son ta iya lissafin kasuwancinta da kyau, kowa dai tambayarsa ɗaya, wace makaranta ce ta gaskiya?

To bari in fara da abin da ya fi komai. Mai kaya ba ya cewa kayansa ba kyau. Duk makarantar da ka shiga shafinta za ka ga an rubuta an tantance mu, an amince da mu, ga tambari ga hoton ɗalibai suna dariya da hular kammala karatu. Wannan ba hujja ba ce ko kaɗan. Hujjar tana wajen hukumar da ta yi tantancewar, can za ka je da ƙafarka ka duba.

A duniyar makarantun kasuwanci hukumomi uku ne aka fi jin sunansu. Akwai AACSB ta Amurka, ita ce babbar yaya, tun 1916 take. Akwai AMBA da ke Landan, ita kwasa-kwasan MBA ɗin kansu take dubawa. Sai EQUIS da ke Brussels a Beljiyam. Makarantar da ta haɗa ukun nan duka ba su da yawa, amma ko ɗaya ta samu an wuce wajen. A nan gida Lagos Business School tana da ta AACSB, don ku san ba sai Turai ba.

Ku kalli allon nan. Na buɗe shafin AACSB, ba na makarantar ba fa, ku lura. Akwai wajen neman makarantun da suka amince da su, sai ka rubuta sunan, bari in saka jami'ar Illinois ta Amurka... yawwa, ga ta nan ta fito. Idan ka rubuta suna bai fito ba, ka sake duba harufan, bai fito ba dai, to ka riƙe kuɗinka tukuna. Kuma a kula da kyau, akwai bambanci tsakanin mamba da wadda aka tantance. Makaranta tana iya biyan kuɗin zama mamba ba tare da an taɓa zuwa an bincike ta ba, sai ta manna tambarin a shafinta kai kuma ka ɗauka shi ke nan. Nan ne mutane da yawa suke zamewa.

Wani zai ce ai tana da wata hukumar daban da ta amince da ita. To ita hukumar wa ya amince da ita? A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani a Pakistan mai suna Axact da ke da ɗaruruwan shafukan makarantun bogi, har hukumomin tantancewar ma na bogi ne, ɓarawo ne yake ba ɓarawo shaida. In makarantar Amurka ce ka duba sunan hukumar a jerin CHEA, wato majalisar da ke sa ido kan hukumomin tantance jami'o'i a can, ko na ma'aikatar ilimin Amurka.

Mu ma nan ai mun ga namu. Ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya yi shigar burtu ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin sati shida, a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da karɓar takardun jami'o'in Benin da Togo. Ka ga har wanda ya yi karatunsa tsakani da Allah abin ya shafe shi. Saboda haka in a Najeriya za ka yi aiki da takardar, musamman aikin gwamnati, ka sani ma'aikatar ilimi ta tarayya ce ke tantance takardun waje, NUC kuma, wato hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, tana fitar da jerin jami'o'in da ba ta yarda da su ba. In kuma kuɗin dala ya fi ƙarfinka, ABU Zariya tana da MBA ta cibiyarta ta karatu daga nesa, NOUN, buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, ita ma tana da shi, da naira za ka biya.

Maganar kuɗi, tazarar tana da faɗi sosai. iMBA na jami'ar Illinois da suke yi tare da Coursera, dandalin karatu ta intanet, tun 2016, a shekarun farko dala dubu 20 da 'yan kai ne gaba ɗaya, wasu manyan kuwa sun haura dala dubu 100. Kar ka yarda da kuɗin zango ɗaya, ka ce a faɗa maka jimilla har littattafai da kuɗin jarrabawa, kuma ka tuna canjin dala ba ya tsayawa waje ɗaya, shekara biyu ko uku za ka yi kana biya.

Sai abin da ba wanda yake faɗa muku, lokaci. Lakcar ƙarfe 7 na yamma a Illinois ƙarfe 1 ne ko 2 na dare a Kano, ya danganta da lokacin shekara. Ka yi tunanin kanka, an ɗauke wuta, janareto ba mai, data tana ƙarewa, yara suna barci, kai kuma rukuninku na jiran ka gabatar da aikinku, kuma ƙarfe 8 kana ofis. Don haka ka tambaya tun farko, lakcocin kai tsaye ne dole ko ana naɗa su ka kalla da safe? Akwai zaɓin lokaci? Akwai satin da dole sai ka je can da kanka? Don in akwai, maganar biza da tikiti ta shigo ke nan.

Alamomin gudu kuwa ba sai na daɗe a kansu ba. An ce za a ba ka digiri saboda ƙwarewar aikinka kawai ba karatu, ko wata uku ka gama, ko ana ta damunka a WhatsApp wai rangwame zai ƙare gobe, ko an ce ka tura kuɗi asusun wani mutum. Ka fita kawai.

Na ƙarshe, ka hau LinkedIn ka nemo mutum biyu ko uku da suka gama wannan kwas ɗin, ka gaishe su cikin ladabi ka tambaye su awa nawa suke karatu a sati, malamai suna amsa saƙo, kuma me aka rubuta a jikin satifiket ɗin. A darasi na gaba za mu zauna kan takardun neman gurbin da maganar GMAT, wato jarrabawar neman shiga MBA, don makarantu da dama yanzu ba sa tilasta shi. Sai mun haɗu, a huta lafiya.