Ƙalubalen Guntayen Labarai Masu Duhu a Hunturu: Matakin da Masu Shiryawa Suke Kuskurewa

[Ana nuna taga da dare, raɓa ta lulluɓe gilashinta, fitila ɗaya tana ci a kan tebur.]

Masu kallo, barkanku da warhaka. Tun da sanyi ya kankama, tambaya ɗaya take ta yawo a tsakanin masu shirya ƙalubalen rubutu na mako-mako, irin wanda ake ba marubuta kwana bakwai su rubuta guntun labari mai duhu, na ban tsoro ne, ko na baƙin ciki, ko na wani laifi da aka binne. Tambayar ita ce: me ya sa labarai suke kwarara a makon farko, amma kafin a kai mako na huɗu sai mutane su ɗauke ƙafa, 'yan labaran da suka rage kuma su yi kama da juna kamar hannu ɗaya ne ya rubuta su? Wasu sun ɗora laifin a kan sanyi, wasu a kan kasalar marubuta. Ni a ganina matsalar tana wuri guda, wato 'yar jimlar nan da mai shiryawa yake bayarwa a farkon kowane mako domin a gina labari a kanta. Zan riƙa kiranta mabuɗi, kuma a kanta za mu fi daɗewa.

[Kalanda ta bayyana, ana zagaye makonni ɗaya bayan ɗaya.]

Sauran tsarin ba shi da wuya, don haka mu bi ta kansa da sauri. A arewacin duniya hunturu yana farawa ne ranar 21 ko 22 ga Disamba, daren da ya fi kowane dare tsawo a shekara, ya ƙare wajen 20 ga Maris, wato kimanin mako 13. A kudancin duniya kuwa daga Yuni ne zuwa Satumba. Ku tsayar da rana ɗaya ta ba da mabuɗi da rana ɗaya ta rufe karɓar labarai, kada ku canza su har a gama. Guntun labari a al'ada ba ya wuce kalma 1,000, amma ga ƙalubalen mako-mako na fi son kalma 500, domin idan mutum 30 suka aiko, kalma 15,000 ke nan suke jiran mai shiryawa ya karanta kafin wani makon ya zagayo. Ku faɗa tun farko ko sunan labari yana cikin ƙidaya, ku kuma bayyana cewa kowane labari mallakar marubucinsa ne. Ga ƙa'idojin nan a allo, wanda yake so ya dakatar da bidiyon ya kwafa.

[Tsohon zanen wani gida a bakin tafki, sama ta haɗe da hadari.]

Kafin mu shiga batun mabuɗi, ku dubi gidan nan. Sunansa Villa Diodati, yana gefen Tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan. A shekarar 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indonesiya, tokarsa ta dusashe hasken rana har 1816 ta zama shekarar da ake wa laƙabi da marar bazara a Turai. A watan Yuni na wannan shekarar ruwan sama da sanyi suka tsare wasu matasan marubuta a cikin gidan, suna karanta labaran fatalwa, sai mawaƙin nan Lord Byron ya kawo shawarar kowa ya rubuta nasa. Mary Shelley, wadda a lokacin shekarunta 18, ta ba da labari da kanta a gabatarwar da ta rubuta wa littafinta Frankenstein a 1831 cewa ta kwashe kwanaki kanta ya ɗaure, kullum da safe ana tambayarta ko ta samo labari, ita kuma tana cewa a'a. Abin da ya buɗe mata hanya shi ne wata hira da ta saurara a kan asalin rai, da ko za a iya motsa gawa da ƙarfin lantarki. Daga nan littafin Frankenstein ya fito a 1818. Byron da kansa guntu ya rubuta ya ajiye.

Ku lura da abin da ya faru. Umarnin a rubuta labarin fatalwa bai tsinana wa Mary komai ba, saboda faɗinsa ya yi yawa, babu inda hannu zai kama. Abu ɗaya takamaimai, gawa da lantarki, shi ya tayar da labarin. Kuskuren da ake yi yau ke nan, sai dai ta fuska biyu ake yin sa.

[Kalma ɗaya ta cika allo: Mutuwa.]

Fuska ta farko ita ce wannan. Mai shiryawa yana son duhu, sai ya ba da kalma kamar mutuwa, ko kaɗaici, ko tsoro. Waɗannan jigo ne, kuma jigo abu ne da mai karatu yake ganowa bayan ya gama labari, ba abin da marubuci yake somawa da shi ba. Idan aka miƙa wa mutum kalmar mutuwa aka ce yana da kwana bakwai, hankalinsa zai tafi ga hoton da ya fi kusa, wato maƙabarta, ko gadon asibiti, ko wuƙa. Hoton da ya fi kusa da shi kuwa shi ne ya fi kusa da kowa, shi ya sa labaran suke fitowa tamkar 'yan gida ɗaya.

[Jimla mai tsawo ta maye gurbin kalmar.]

Fuska ta biyu ta fi yaudara, domin tana kama da ƙwazo. Ku karanta abin da ke allo: wata mata ta gano cewa mijinta ya rasu tun shekara uku da suka wuce, amma yana dawowa gida kowane dare. Mai shiryawa ya ji daɗin wannan jimlar, kuma tana da daɗi, sai dai ya riga ya rubuta labarin. Ya zaɓi tauraruwa, ya zaɓi sirrin, ya kuma tona shi. Abin da ya bar wa marubuta shi ne shafa fenti a ɗakin da wani ya gina, kuma marubuci mai kishin aikinsa ba ya daɗewa a irin wannan ƙalubalen.

[Hoton rigar sanyi a rataye a ƙusa, a wani lungu marar haske sosai.]

Yanzu ga mabuɗin da nake so mu tsaya a kansa: rigar sanyi a rataye, har yanzu da ɗumin jiki a cikinta.

Ku ɗan dubi hoton kafin in ci gaba. A cikin wannan jimlar akwai abu ɗaya da ake iya taɓawa, wato riga, akwai kuma abu ɗaya da bai zauna daidai ba, wato ɗumin. Ba a faɗi mai rigar ba, ba a faɗi wanda ya taɓa ta ba, ba a faɗi wuri ba, kuma babu kalmar tsoro ko ɗaya a ciki. Wannan giɓin da aka bari shi ne wurin aikin marubuci. Wani zai rubuta labarin mai gadin da ya kulle ginin da kansa tun magariba, ya kuma tabbata babu kowa a ciki. Wata za ta rubuta labarin uwa da take rungume rigar ɗanta da ya ɓata, har ɗumin jikinta ya shiga rigar, ta manta cewa nata ne. Wani kuma zai kawo ɗan sanda da ya shiga ɗaki, matar gidan tana rantsuwa cewa ɗan'uwanta ya yi mako guda rabonsa da nan, hannun ɗan sandan kuwa yana kan rigar. Na farko ban tsoro ne, na biyu baƙin ciki, na uku laifi, duka daga ƙusa ɗaya.

Ga gwajin da nake yi wa kowane mabuɗi kafin in fitar da shi. Ina ba kaina minti biyar in samo labari uku da ba su yi kama da juna ba. Idan ɗaya kaɗai ya zo, mabuɗin ya yi ƙunci, sai in cire masa wani abu, yawanci sunan mutum ko dalilin faruwar lamarin. Idan kuma na zauna kaina ya ɗaure kamar na Mary a gidan can, to ya yi faɗi, sai in nemo masa abin da ido zai gani ko hannu zai taɓa.

[Allo ya rabu biyu, rubutu a hagu, rubutu a dama.]

Akwai wata rashin fahimta da take tafiya tare da wannan, ita ce zaton cewa duhu yana nufin jini. Mabuɗin da ya ambaci kisa ko azaba yana tura marubuta su yi gasar ƙazanta, kuma a kalma 500 babu filin da mai karatu zai san mutum har ya ji zafin abin da aka yi masa. Rubutun da ke hagu ya kashe kalma sittin yana siffanta fatalwa da haƙoranta, ba sai na karanta muku ba. Na dama shi zan karanta.

Ta ciro rigar domin ta ninke ta tare da sauran kayansa, sai ta ji ɗumi a wuyan rigar. Wata biyu ke nan da binne shi. Ta mayar da ita kan ƙusar, ta koma ta ƙara kofi ɗaya a kan tebur.

Babu abin da aka nuna mana, amma kofin nan zai bi mai karatu har makwancinsa, domin shi ne zai yi ta tambayar kansa ko matar ta zauce ne, ko kuwa ta san abin da mu ba mu sani ba. Irin wannan duhun nake fatan masu shiryawa su riƙa nema, kuma mabuɗi mai giɓi ne kawai yake haifar da shi.

[Ana jera katuna 13 a kan tebur.]

Shawara ta ƙarshe a kan mabuɗi ita ce ku rubuta duka 13 kafin ranar farko, domin wanda aka ƙirƙira cikin gaggawa a daren da za a fitar da shi yawanci yakan koma kalma ɗaya irin ta ɗazu. Idan kun jera su haka, za ku ga inda suka yi kama. Idan na wannan makon abin taɓawa ne, na gaba ya zama sauti, kamar ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin ɗakin da babu kowa, na bayansa ya zama wari ko ƙamshi. A tsakiyar hunturu, lokacin da gajiya take kama mutane, ku canza siffar aikin maimakon abin da ke cikinsa: mako ɗaya a rubuta kalma 100 daidai, ba ƙari ba ragi, wani makon a rubuta labarin da duk zance ne tsakanin mutum biyu. Ƙaramin aiki irin wannan yakan dawo da wanda ya fara ja da baya.

[Hannu yana rubuta sharhi a gefen takarda.]

Saura abu biyu a taƙaice. Ku nemi kowane marubuci ya sa gargaɗi na layi ɗaya a saman labarinsa idan ya taɓo kashe kai ko cin zarafi, domin mai karatu ya shiga da saninsa. Idan kuma wani rubutu ya yi muku kama da kukan mai shi ba ƙagaggen labari ba, ku neme shi a keɓe ku tambayi lafiyarsa, saboda dogayen darare suna yi wa wasu mutane nauyi ƙwarai. Batun zaɓen gwani kuwa, ni ban cika son sa kowane mako ba, domin mutum uku ne za su yi ta lashewa sauran su karaya. Na fi son kowane mai aikowa ya karanta labaran mutum biyu, ya faɗa wa kowannensu jimlar da ta fi tsaya masa a rai.

[An juya kati na 13, babu rubutu a kansa.]

Katin ƙarshe kun ga babu komai a kansa, da gangan na bar shi haka. A mako na 13, lokacin da tsawon rana ya kusa kamo na dare, kowane marubuci zai koma ga labarinsa na makon farko, ya ɗauko jimlar da ya rufe shi da ita, ya mayar da ita jimlar buɗe sabon labari. Wanda ya rubuta labarin rigar nan, alal misali, zai fara ne daga kofin da aka ƙara a kan tebur, kuma yana da kalma 500 ya faɗa mana abin da ya faru da gari ya waye.