Sharhi: Lita Hamsin A Rana

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Ga sharhinmu na yau.

A watan Janairun 2018 hukumar birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ta yi wa mutanenta kimanin miliyan huɗu sanarwa mai tayar da hankali. Ta ce da zarar ruwan madatsun birnin ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, za ta rufe famfunan gidaje. Kowa ya ɗauki jarkarsa ya nufi ɗaya daga cikin wurare kusan 200, ya bi layi a auna masa lita 25. Har rana ta tsayar a cikin watan Afrilu. Tun 2015 damina ke gardama, shekara uku a jere. Theewaterskloof, babbar madatsarsu, ta janye har busassun itatuwan da ruwa ya daɗe da binnewa suka fito fili, iska tana tayar da ƙura a tsakaninsu.

Ranar ba ta zo ba. Kuma ruwan sama bai sauka da ƙarfi ba sai bayan an riga an ɗage ta.

Ƙaramar hukuma ba ta haɗa hadari. Sau da yawa ma manyan madatsun ba nata ba ne, na gwamnatin tarayya ne, kuma a can ɗin an sha cacar baki a kan wa ya yi sakaci. Abin da ke hannunta shi ne bututun da ke ƙarƙashin titi, da mita, da kuɗin ruwa, sai kuma bakinta. To, a nan birnin ya yi abin da ya cancanci a tsaya a kai. Kowane mako yana fitar da alƙaluma: ga abin da ya rage a madatsu, ga abin da kuka sha. In an rage ɓarna, ranar rufe famfo ta matsa gaba. In an saki jiki, ta matso kusa. Mutum yana ganin sakamakon bokitinsa da idonsa.

Daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana. Ku auna da kanku: jarka biyu da rabi ke nan, irin mai cin lita ashirin, a ciki za a sha, a dafa, a yi wanka da wanki, a kora bayan gida. Mutane suka riƙa tsayawa cikin baho in za su yi wanka, ruwan da ya taru a zuba a masai. Injiniyoyi kuma suka rage ƙarfin ruwa a bututu unguwa-unguwa, domin bututun da ya tsage, gwargwadon ƙarfin da aka tura masa, gwargwadon abin da zai zubar. Gidajen da suka yi kunnen uwar shegu aka ɗaura musu na'urar da ke yanke ruwa in sun cinye rabonsu. Birnin da ke shan lita biliyan 1.2 a rana a 2015 ya dawo ƙasa da rabin haka. Manoma ma an yanke musu kaso mai tsoka, wasunsu kuma suka saki ruwan madatsunsu ga birnin.

Sai dai kada mu cika yabo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma sai da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse da kafa ƙananan injunan tace ruwan teku cikin gaggawa da tsada. Windhoek, babban birnin Namibiya, tun 1968 yake tace ruwan da aka yi amfani da shi ya mayar da shi na sha, domin ya san ƙasar da yake zaune a kai. Chennai ta Indiya kuwa, a 2019, sai da aka riƙa yi mata jigilar ruwa a jirgin ƙasa.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda ake yi wa wa'azin. Hukumar da ruwanta ke malala a kan titi kwana da kwanaki, an kai ƙara ba a zo ba, da wane baki za ta ce wa uwar gida ta rage ruwan wanke-wanke? Sannan in za a matsa, a matsa wa mai lambu da wurin ninƙaya a bayan gida. A unguwannin marasa galihu na Cape Town, inda gidaje da yawa ke tarayya a famfo guda, abin da suke sha ɗan kaɗan ne cikin ruwan birnin. Layin jarkar da ya firgita masu hali, su da shi suka tashi. A 2020 madatsun suka sake cika maƙil, aka sassauta doka, masu lambu suka koma ban ruwa. Marasa galihu kuwa har yau da asuba suke fita da bokiti.