Notin taya ba ya son ƙarfin tsiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Hamburg nake muku magana, a wurin ajiye motoci na bayan gidanmu, yatsuna duk sun ƙandare don sanyi. Oktoba ta shigo, lokacin sauya taya ya yi. Jamusawa suna da ƙa'idarsu ta baka: daga Oktoba zuwa Ista, bikin Kiristoci na wajen Maris ko Afrilu, tayar hunturu ake hawa. Doka ba ta yanka rana ba, amma in ƙanƙara ta kwanta a titi aka tare ka da tayar bazara, tarar Yuro 60 ce, a kuma rubuta maka makin laifi ɗaya a rajistar direbobi ta ƙasa da ke garin Flensburg. Tun Oktoban 2024 ma sai tayar da ke da wannan tambarin, bari in matso da kyamara: dutse mai kai uku, da ƙanƙara a tsakiya.

Na riga na ɗaga motar da jak, na cire tsohuwar taya. Inda nake so mu daɗe yau shi ne wurin ɗauri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai faci a gida ya san yadda ake yi. Zai sa wil-sifana, ya zura mata dogon bututu, ya hau da ƙafa yana rausaya har sai noti ya yi kuka. Mu kuma mu gyaɗa kai, mu ce yaro ya iya aiki. To ku zo mu yi lissafi. Wannan Golf ɗin, littafinta ya ce a ɗaure a kan Newton-mita 120. Wato kamar ka rataya kilo 12 a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen sifana mai rabin mita, ya ba da wajen 340. In bututun ya kai mita guda, ya doshi 700. Ninki biyar da ɗoriya ke nan, tun bai fara tsalle ba.

Me zai faru? Shi ƙarfen nan da kuke gani, in an ɗaure shi yana ɗan miƙewa ne kamar roba, ido ba ya gani, kuma wannan jan da yake yi don ya koma shi ne yake matse rim a jikin mota. In aka ja shi ya wuce iyaka, ba ya komawa. Ya saki ke nan, wata rana a kan gudu sai ya tsinke. Haƙoransa ma suna cinyewa. In kuma wani ya sha matsa fiye da 'yan'uwansa, faifan birki ba ya zama daidai, daga baya ka taka birki ka ji sitiyari yana rawa a hannunka. Ga wahalar da ta fi kusa: ka yi faci da dare a gefen hanya, ka ciro guntuwar sifanar da ke but, noti ya ce bai san ka ba. Sakwa-sakwa kuma nasa haɗarin kowa ya sani, taya ta wuce ka a guje.

Ga maganin, sifana mai ma'auni. Ana murɗa mariƙin nan har lamba ta hau 120, a kulle. Kada wani ya ɗauki lambata ya kai kan motarsa, don Allah. Corolla da yawa 103 suke so, manyan motoci kuma sun haura nawa. A duba littafin mota.

Kafin in ɗora taya, ku ga tsatsar da ta taru a nan inda rim yake zama. Buroshin waya, a goge tas. Ko ɗan datti ya maƙale a tsakani, zai murƙushe a hanya, ɗauri ya saki. Kuma ban sa mai ba, ban sa giris ba. Lambar da kamfani ya bayar ta busasshen noti ce. In ya sha mai yana santsi, sifana za ta nuna 120 alhali ƙarfe ya sha ja fiye da haka.

Yawancin motocin Jamus suna da wani hali: ba su da sandunan da za ka rataya taya a kai kamar Toyota, notin da sandarsa a haɗe suke. Sai ka tallafe taya da gwiwa kana laluben rami. Da hannu nake fara murɗa kowanne, in ya ƙi shiga da sauƙi in fito da shi in sake. Masu ɗaure noti da bindigar iska a gareji nan suke ɓarna, don ita ba ta jin noti ya hau a karkace.

Yanzu na sauke jak har taya ta taɓa ƙasa. Ba a bin su a jere. Wannan, sai na tsallake zuwa na ƙetarensa, sai wancan, kamar ana zana tauraro, don rim ya zauna daidai. A ja a hankali, ba fizga. Ku saurara... ƙas! Shi ke nan, a tsaya. Na ga masu ƙara dannawa sau biyu sau uku wai don tabbaci. Kowace dannawa ƙari ce a kan lamba.

Saura abu biyu. In na yi tafiyar kilomita 50 zan sake bin su da sifanar nan, don rim yakan ɗan zauna bayan an hau titi, musamman na alminiyam. Garejin nan ma suna rubuta wannan a jikin rasit. Ita kuma sifanar, kafin ta koma akwati, ana mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta, don sifirin ɗin cikinta, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, kada ya gaji ya fara ba da lambar ƙarya. Bari in zagaya ɗaya gefen, tayoyi uku suna jira na.