Fodkas: Trithemius, mai taskar littattafan Sponheim

Zainab: Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Malam Habu, tun makon jiya saƙonni ke ta shigowa kan mutumin nan da ka ambata, mai cewa fata ta fi takarda wajen rubuta littafi.

Malam Habu: Johannes Trithemius. Ai dole a yi ta maganarsa. Bajamushe ne, haihuwar 1462. A 1482 yana kan hanyar gida daga karatu a Heidelberg, dusar ƙanƙara ta tare shi, ya fake a gidan ruhubanawa na Sponheim, wato Kiristoci masu keɓe kansu don ibada. Fakewar da ta zama zama ke nan. Shekara na zagayowa suka naɗa shi shugaban gidan, yana ɗan shekara 21.

Nura: Ashirin da ɗaya? Dattawan wurin suka yarda?

Malam Habu: Daga baya ai sun ƙi. Amma bari mu je a hankali. Littattafai kusan 50 ya tarar. Kafin ya bar wurin sun kai 2,000, masana na takowa daga nesa don su gani da idonsu. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne kundin da aka buga masa a Basel a 1494, inda ya jera marubutan coci kusan 1,000, kowa da ɗan tarihinsa da sunayen abin da ya rubuta. Duk wanda ya san littattafan tarajim na malamanmu, irin aikin Ahmad Baba na Tumbutu, ya san wahalar wannan. Mutum ɗaya ya zauna yana ceto sunayen matattu kada su ɓace.

Zainab: To maganar fatar fa?

Malam Habu: A 1492 ya rubuta yabon masu kwafar littafi da hannu. Hujjarsa ita ce rubutun fata zai yi shekara 1,000, na takarda kuwa da ƙyar ya kai 200. Don haka kada ruhubanawa su ajiye alƙalami wai don injin buga littafi ya zo.

Nura: Malam, tsaya. Littafi 2,000 a kan fata, raguna nawa ke nan?

Malam Habu: Ba duka na fata ba ne, akwai bugaggu.

Nura: Ko rabi ne. Ai sai an haɗa fatun layyar Kano kaf.

Zainab: A haɗa da na Katsina!

Nura: Majema su yi shekara ba barci. Dukawa su rasa ta yin takalmi.

Zainab: Mahauta su ce su ma a sa sunansu a kundin.

Nura: Har da masu kilishi, tunda naman...

Zainab: Yaya Nura, ya isa haka. Amma wallahi ni maganar ta taɓa ni. Bayan rasuwar kakana muka buɗe akwatinsa. Gafakar fatar tana nan garau, ko igiyarta ba ta tsinke ba. Warƙoƙin ciki kuwa gara ta cinye gefensu, kana ɗagawa suna zuba kamar gari. Wata waƙar ajami rabin baitocinta kawai muka tsira da su.

Malam Habu: Allah ya jiƙansa. Kin ga abin da mutumin ke tsoro ke nan. Sai dai akwai inda yake ƙona min rai. Da ya zo rubuta tarihin Farankawa, wata tsohuwar al'ummar Turai, ya jingina labarinsa ga wani tsohon marubuci wai shi Hunibald, wanda masana suka gano shi ya ƙirƙiro shi. Kai da aka ba amanar taska, ka zuba jabu a ciki? Wanda ya zo bayanka da me zai rarrabe?

Nura: Su ruhubanawan fa da ka ce sun ƙi?

Malam Habu: Sun gaji da tsananinsa da yawan baƙinsa. Ya bar musu gidan da littattafan, a 1506 ya koma Würzburg, can ya rasu a 1516. Taskar kuma ta watse.

Zainab: Lokaci ya ci mu, ga shi ba mu taɓo littafinsa na rubutun sirri ba, wanda ya sa aka ɗauke shi matsafi.

Malam Habu: Kai, wannan ai shi ne...

Zainab: Sai mako mai zuwa, Malam. Mu kwana lafiya.