Faifan kwafi da kamfanonin da ke ƙera na'urorin gem

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To madalla. Samarin da ke tsaye a bakin ƙofa, ku shigo, ga benci nan gaba babu kowa.

Jama'a, an ce in yi magana a kan satar fasaha a harkar gem, da yadda take taɓa masu ƙera na'urorin, wato su Sony masu PlayStation, da Nintendo, da Microsoft masu Xbox. Na ga masu gidajen gem a nan, na ga masu gyara daga Farm Centre da titin Beirut, don haka ba baƙon abu zan kawo muku ba. Abu huɗu ne: inda kuɗinsu ke fitowa, yadda aka yi ta fasa musu kwaɗo, matakin da suka ɗauka, sai kuma namu rabon a nan Kano.

Na farko. Da yawanmu mun ɗauka ribar Sony a jikin na'urar take. Ba a nan take ba. Lokacin da PS3, wato PlayStation ta uku, ta fito a 2006, ana sayar da ƙaramar dala 499, babbar dala 599. Wani kamfanin bincike mai suna iSuppli ya kwance ta, ya lissafa kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, ya ce kuɗin haɗa ta ya haura dala 800. Ke nan duk guda ɗaya da aka sayar, an yi asarar sama da dala 200. To hauka suke yi? Ko kaɗan. Kamar mutum ne ya sayar maka da risho ƙasa da yadda ya saro, da sharaɗin kalanzir a wurinsa kaɗai za ka riƙa saya. Duk kamfanin da ya yi gem don PlayStation sai ya biya Sony kuɗin lasisi a kan kowane faifai, in kuma a kantinsu na intanet aka saya, kusan kashi 30 cikin 100 nasu ne. Ranar da ka kai na'urarka aka sa mata cif ɗin da zai sa ta karɓi faifan kwafi, asarar nan da suka yi a kanka ta tabbata, ba ta da hanyar dawowa. Ku riƙe wannan, shi ne gindin maganar.

Shi ya sa tun farko suke sa kwaɗo. Nintendo ta sa wani ɗan cif a cikin na'urarta NES a 1985, ana ce masa 10NES, in kaset ba shi da abokinsa na'urar ba za ta karanta ba. Amma mu nan wace muka sani? Waccan mai kaset ruwan ɗorawa, an rubuta gem 9999 a cikin ɗaya, ka kunna da murna ka tarar guda biyar ne ake ta juya maka su. [dariya] Alhaji na ga kana girgiza kai, kai ma an sayar maka ke nan. Waɗannan ba na Nintendo ba ne, kwaikwayon na'urarta Famicom ne ta 1983, na'urar da kaset ɗin duka jabu, kwabo bai je Kyoto, hedikwatar Nintendo a Japan, ba.

Na biyu, fasa kwaɗo. A 1994 Sony ta fito da PlayStation ta farko, ta zaɓi faifan sidi. Nintendo kuwa a 1996 ta tsaya kan kaset a N64, kuma cikin dalilanta har da wahalar kwafarsa. Me ya faru? Sidi yana da arha wurin bugawa, yana ɗaukar kaya da yawa, sai masu yin gem suka kwarara wurin Sony. PlayStation ta sayar sama da miliyan 100, N64 wajen miliyan 33. Wadda aka fi kwafa ita ta ci kasuwa.

Amma labarin da nake so ku ji da kunnen basira shi ne na Dreamcast. Wa ya taɓa riƙe ta a nan? Mutum biyu. To ku saurara, don duk wanda ke ƙera abin sayarwa ya kamata ya san wannan labari.

Sega ce ta yi ta. Ta fito a Japan a 1998, a Amurka ranar 9 ga watan 9 na 1999. Na'ura ce mai kyau, wallahi mai kyau, tana da abin shiga intanet a jikinta tun lokacin da yawancin gidaje ba su san intanet ba. Kuma Sega ta yi tunanin ɓarayi. Ba ta yi amfani da sidi irin na kowa ba, ta yi nata faifan, GD-ROM, mai ɗaukar kusan gigabait 1, alhali sidi bai wuce megabait 700 ba. Kwamfutarka ta gida ba za ta iya karanta wurin da gem ɗin yake ba, balle ta kwafa. Ƙofar gaba a rufe gam.

Sai suka ƙara wani ɗan abu. Suka ce bari mu sa na'urar ta iya karanta wani irin faifan waƙa mai haɗe da hotuna, wanda suka sa wa suna MIL-CD, don kasuwar Japan. Faifan irin wannan da aka buga a duniya 'yan ƙalilan ne, kusan babu wanda ya damu da su. Amma ma'anarsa ita ce, an koya wa na'urar ta karɓi umarni daga sidi na gama-gari. A shekarar 2000 masu kutse suka gano wannan taga. Suka samu hanyar zuƙo gem daga faifan asali, suka matse bidiyo da sautin ciki har ya shiga megabait 700, suka buga a kan farin sidi. Ka sa, ka rufe, ta tashi. Babu cif, babu dalma, babu kwance ko da noti ɗaya.

Masu gyara, ku kun san bambancin. Sa cif a PS2 aiki ne. Sai ka buɗe ta, ka kafa ido a kan allon, ga wayoyi sirara ka bi su ɗaya-ɗaya da bakin dalma, hannunka ya ɗan karkace ka kashe wa mutum na'ura. Wannan wahalar kanta katanga ce, don ba kowa zai ɗauki sabuwar na'urarsa ya kai a farke ba. Dreamcast ba ta da wannan katangar. Duk yaron da ke da kwamfuta mai buga sidi ya zama kamfani. Na maimaita: babu cif, babu dalma. Sega ta toshe tagar a na'urorin da ta ƙera daga baya, amma miliyoyi sun riga sun shiga gidaje, ba ka bi gida-gida ka karɓo. A watan Janairun 2001 ta sanar ta daina ƙera na'ura. Dreamcast ta tsaya a wajen miliyan 9, kuma har yau Sega gem kawai take yi wa na'urorin waɗanda da take gasa da su.

To kwafi ne ya kashe ta? Mutane da yawa haka suke faɗa, ni ban tafi a kan haka ɗari bisa ɗari ba. Sega ta shigo da rauni, don na'urarta ta baya, Saturn, ta yi mata asara. Kamfanin EA ya ƙi yi mata gem, wato babu FIFA, ku kuwa kun san abin da gidan gem yake zama in babu ƙwallo. Ga PS2 ta fito a 2000 tana kunna fim na DVD. Kwafi ya tarar da ita tana jinya ne, ya ƙarasa. Hujjata kuwa ita ce PS2 ɗin kanta. Wace na'ura aka kwafa kamar ta? Har ta kai ba a buƙatar cif ma, memori kawai za a sa wa manhajar Free McBoot, a cusa filash a gaba, jerin gem ya fito a talabijin. Duk da haka ta sayar sama da miliyan 155. Mai ƙarfi yana shanye dukan, mai rauni shi ke faɗuwa. Kuma in Sony ta shanye, ƙaramin kamfanin da ya yi shekara uku a kan gem ɗaya ba shi da inda zai mayar.

Ina na tsaya, na biyu ko na uku? To mu ce na uku, lokaci yana gudu.

PS3 ta yi shekara kusan huɗu ba a fasa ta ba. A watan Disambar 2010, a wani taron masana kwamfuta a Berlin ta Jamus, wasu da ke kiran kansu fail0verflow suka nuna kuskuren Sony. Duk gem na asali yana ɗauke da sa hannu na lissafi, kuma ƙa'idar lissafin ita ce kowane sa hannu a zaɓi sabuwar lamba da ka, wadda ba wanda zai iya cinka. Sony lamba ɗaya ta yi ta maimaitawa. Daga nan aka lissafo makullin sirrin. Wani matashi mai kutse, George Hotz, ya wallafa makulli a Janairun 2011, Sony ta kai shi kotu, suka sasanta a Afrilu. A wannan watan kuma aka yi wa PSN, wato dandalin intanet na PlayStation, kutse, bayanan asusu miliyan 77 suka shiga hatsari, aka rufe ta sama da mako uku.

Switch ta Nintendo, 2017, ita kuma matsalar a cif ɗin da kamfanin Nvidia ya yi mata take, har da ɗan ƙarfen maƙale takarda ana iya haɗa ƙafafu biyu a gefenta a shiga. Nintendo ba ta wasa da kotu. Wani Gary Bowser, mai tallata kayan fasa Switch, an yanke masa ɗaurin wata 40 a 2022, da biyan dala miliyan 14.5. Sunansa kuma ya zo ɗaya da dodon nan abokin gabar Mario. [dariya] A 2024 masu manhajar Yuzu, mai buga gem ɗin Switch a kwamfuta, suka amince za su biya dala miliyan 2.4 su rufe. Microsoft kuwa a 2009 ta kori ɗimbin Xbox 360 da aka taɓa daga intanet ɗinta. Sauran matakan kun san su: sabuntawa kullum, biyan kuɗin wata, PS5 da aka yi wa samfurin da ba shi da wurin faifai sam a 2020.

Namu rabon fa? Sabon gem dala 70 ne. Da canjin da ya kai naira 1,500 a dala, ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Na san wannan, ba zan tsaya nan in yi kamar ban sani ba. Kuma in za ka buɗe asusun PSN babu Nijeriya a jerin ƙasashe, sai ka ce kana Amurka ko Ingila. Ga abin da ke ci min rai: ku shiga Fagge, ku shiga Ƙofar Mata, ku shiga Hotoro, janareta na ruri, yara cike da benci, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba, ana buga ƙwallo da rigunan bana a kan na'urar shekarar 2000. Duk wannan wasan, a littafin kamfani sifili ne. Wanda ya yi kwafi ba a ƙirga shi ba, wanda ya saya da gaskiya an ƙirga shi a Ingila. To wa zai buɗe mana reshe, wa zai yi mana farashinmu? A Brazil kamfanin Tectoy ya karɓi lasisin Sega, tun 1989 yana haɗa na'urar a can, har da gem cikin harshensu. Kuma mu Kanawa mun ga abin da kwafi da turi suka yi wa kasuwar finafinai ta Ƙofar Wambai. Ranar da ɗan Kano zai yi gem da Hausa, mu ne za mu fara...

Na'am? A ba shi abin magana.

[Wani matashi daga cikin masu sauraro:] Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni gidan gem gare ni, da shi nake ciyar da iyali, kuma duk na'urorina an yi musu aiki. Abin da nake ci halal ne, ko in rufe?

Allah ya yi maka albarka ƙanena, tambayar da kowa ke riƙe da ita a ciki ke nan. Fatawa ta malamai ce, ka kai musu yanayinka dalla-dalla. Abin da zan ba ka shi ne abin da ke rubuce. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. A ɓangaren hukuma kuma akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, ta kuma taɓo maganar fasa kwaɗon da aka sa wa aiki. Ba zan ɓoye maka wannan don in faranta maka ba.

Amma ban ce ka rufe gobe yara su kwana da yunwa ba. Ka duba me ake bugawa a shagonka. Na tabbata ƙwallo ce ta fi yawa, sai faɗa. Ba gem hamsin ɗin da ke cikin filash kake buƙata ba, uku ko huɗu ne ke kawo kuɗin. Faifan asali na hannu yana nan a kasuwa, na bara ya fi na bana sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ba kwafi ba ne. Konami ma tun 2021 ta mayar da ƙwallonta eFootball, saukewa kyauta ne, data kawai za ka saya. Na'urar da za ka ƙaro nan gaba ka bar ta yadda ta zo, kar a taɓa ta, ka fara da ita. Kuma wadda aka riga aka yi wa aiki kar ka kuskura ka shiga PSN da ita, in suka gano za su iya rufe na'urar da asusun gaba ɗaya, har da abin da ka saya da kuɗinka.

Ana yi min alama daga baya lokacin salla ya yi. Ka tsaya bayan an idar mu zauna da biro da takarda, mu lissafa cinikinka na wata mu ga faifai nawa zai iya ɗauka. Wassalamu alaikum warahmatullah.