Murjani: Dabbar da Ke Noma a Cikin Jikinta

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Ku dubi wannan abin da ke ƙarƙashin ruwa da kyau. Yana da rassa, ba ya gusawa daga inda yake, in ka ƙwanƙwasa shi kuma ka ji tauri. Wani zai ce dutse ne, wani ya ce itace ne. Masana ma sun daɗe suna wannan gardama. A 1706 wani Ba'italiye mai suna Luigi Marsigli ya sa reshen murjani a cikin ruwan teku, ya ga wasu fararen abubuwa sun bubbuɗe a jikinsa, ya ce shi ke nan, ga fure, ashe tsiro ne. Bayan kusan shekara 20 sai wani likita Bafaranshe, Jean-André Peyssonnel, ya lura cewa in aka taɓa furannin nan noƙewa suke yi. Ya ce ai dabbobi ne. Malaman Faris, babban birnin Faransa, ba su yarda ba, har ma da aka zo karanta rahotonsa sai aka ɓoye sunansa don kada a yi masa dariya. To, shi ke da gaskiya.

Bari mu matso da kyamara. Kowane ɗan rami da kuke gani a jikin dutsen nan, ɗakin dabba ɗaya ne. Sunanta folif, kuma galibinsu ba su wuce 'yan milimita ba. Jikinta 'yar jaka ce mai ƙofa ɗaya a sama, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma abin da ya rage ke fita. Yatsu masu laushi sun kewaye ƙofar. Ba ƙwaƙwalwa, ba zuciya, ba jini. Jijiyoyin saƙo ne kawai a shimfiɗe a duk jikin, shi ya sa in ka taɓa gefe ɗaya sai ka ga maƙwabta ma sun noƙe. Folif guda kan rabu biyu, ko ya fito da toho a gefensa, tohon ya zama sabon folif, haka har su kai dubbai suna manne da juna da fata ɗaya.

Da dare suke farauta, kuma makaminsu shi ne tambarin dangin baki ɗaya. Masana na kiran dangin Nidariya, suna da nau'i sama da 10,000: murjani, da jelifish mai jiki laushi-laushi kamar lema, da anemonin teku mai kama da fure, da 'yar ƙaramar haidira ta ruwan daɗi. A jikin yatsunsu akwai ƙwayoyin halitta na musamman, kowace da ɗan ƙoƙo a ciki, a cikin ƙoƙon kuma ga zare a nannaɗe mai tsini da dafi. Da zarar ƙaramar halitta ta gogi gashin da ke bakin ƙoƙon, sai murfi ya buɗe, zaren ya juyo ciki-waje ya soke ta. Da aka auna na haidira, an ga tashin farko na harbin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Kaɗan ne daga motsin halittu suka kai shi sauri. Sau ɗaya kowace ƙwaya ke harbi, daga nan sai jiki ya ƙera sabuwa. Na yawancin murjani ba ya huda fatar mutum, amma akwai jelifish mai siffar akwati a arewacin Ostareliya wanda dafinsa kan kashe mutum cikin 'yan mintoci.

Jelifish kuwa, ku ɗauki folif ku kife shi, baki ya koma ƙasa, ku sake shi ya yi iyo, kun same shi. Da yawansu ma a folif suke fara rayuwa, manne da dutse, sannan jikin ya riƙa yankewa faifai-faifai, kowane faifai ya tashi ya zama jelifish. Akwai wani ɗan mitsitsi, Turritopsis dohrnii, da in ya tsufa ko ya ji rauni yakan koma folif ya faro daga tushe. Ana masa kirari da wanda ba ya mutuwa, amma kirarin ya yi yawa, kifi na cinye shi kamar kowa.

Yanzu ga inda zancen yake. Kun ga yadda ruwan nan yake garau, kana hango ƙasa daga sama? Ruwa mai haske haka ruwa ne matalauci, babu wani abincin kirki da ke yawo a cikinsa. Amma a nan ne ake samun cunkoson halittu da babu irinsa a teku: tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, duk da haka an ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in halittun teku na dogara da su. Ina abincin yake fitowa?

Daga cikin jikin folif ɗin. A cikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikinsa akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ake kira zuzantele. A fili mai faɗin farcen yatsa za a iya samun miliyan ɗaya ko fiye. Zaman mai gida da ɗan haya ne. Folif ya ba ta ɗaki inda ba mai cin ta, ya ba ta iskar kabon da yake fitarwa da dattin jikinsa, wanda a wurinta taki ne. Ita kuma ta haɗa abinci da hasken rana, ta biya haya da sukari da mai, wani lokaci har kashi 90 cikin 100 na abin da ta haɗa. Ba abin da ke zubewa, dattin wannan abincin wancan. Ruwan ƙasa-ƙasan da kuke gani a jikin murjani ma launinta ne. Wannan ne ya sa masu gina tudu ke son ruwa marar zurfi, mai haske, mai ɗumin digiri 23 zuwa 29, kuma ba sa shiri da bakin manyan koguna inda laka ke tare rana.

Da wannan rarar abinci folif ke gini. Yana jan kalsiyam da kabonet daga ruwa, ya zuba dutsen alli a ƙarƙashin kansa, ya ɗan ɗaga, ya sake zubawa. Masu dunƙulen jiki kan ƙaru da kamar santimita 1 a shekara, masu rassa kan kai santimita 10. Fatar sama kaɗai ke da rai, duk abin da ke ƙasa ƙashin kakanni ne. A haka, sannu a hankali, aka samu babban shingen murjani na gaɓar Kwinsland a Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300, da tuddai kusan 2,900.

Charles Darwin ya yi wani hasashe a 1842 da nake ganin ya fi cancantar a san shi. Ya tambayi kansa, me ya sa ake samun zoben murjani a tsakiyar teku mai zurfi, alhali murjani ba ya gini sai kusa da haske? Ya ce da can akwai tsibirin dutse mai aman wuta a tsakiya. Murjani ya kewaye shi, tsibirin ya riƙa nutsewa a hankali, murjani kuma na ta hawa kan ƙashinsa don kada rana ta kuɓuce masa, har tsibirin ya ɓace ya bar zobe. In haka ne, duk wanda ya haƙa zoben zai tarar da dutsen wuta a ƙasa. Sai a 1952, shekara 70 bayan mutuwarsa, Amurkawa suka haƙa a Enewetak da ke tsibiran Marshal. Sun ratsa fiye da mita 1,200 na dutsen murjani kafin su ci karo da dutsen wutar.

Dabbar da ba ta tafiya, yaya take samun abokin haihuwa? Ku kalli wannan hoton na dare. A shingen Ostareliya, 'yan kwanaki bayan cikar wata a Oktoba ko Nuwamba, nau'o'i sama da 100 kan saki ƙwai da maniyyi cikin 'yan darare ƙalilan. Ƙananan ƙulli masu ruwan hoda ke fitowa daga bakin kowane folif, su yi ta tashi sama har ruwan ya turnuƙe. Ɗumin ruwa ke nuna watan, hasken farin wata ya nuna daren, faɗuwar rana ta nuna sa'ar, duk kuwa babu ido. Sai a farkon shekarun 1980 masu bincike suka gano wannan. Ƙwan da ya haɗu yakan zama 'yar tsutsa mai iyo, ta yi kwanaki tana yawo, in ta tsira daga bakin kifi ta sami dutse mai tsabta ta manne, ba ta sake tashi.

Dutse mai tsabta kuwa sai da masu shara. Ciyawar teku ta fi murjani saurin girma nesa ba kusa ba, in ba a kiwata ba sai ta lulluɓe komai. Kifin aku, mai haƙora a haɗe kamar bakin aku, yana yini yana kankare ta, ya haɗiye har da dutsen, ya kasayar da shi farin yashi. A tekun Karebiyan an kama irin waɗannan kifaye har suka yi ƙaranci, aikin ya koma kan wata bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi. A 1983 zuwa 1984 annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar. Cikin 'yan shekaru tuddan Jamaika suka koma filin ciyawa.

Babbar matsalar dai tana cikin zaman hayar nan ne. In zafin ruwa ya haura abin da aka saba a bazara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni, injin haɗa abincin gansakukar yakan rikice ya fara fitar da sinadarai masu ƙona ƙwayar da take ciki. Sai folif ya kore ta. Fatarsa ba ta da launi, don haka farin ƙashin ke bayyana fat. Masu kallo, murjanin da ya koɗe bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri yakan karɓi sababbin 'yan haya ya farfaɗo, ko da yake girma da haihuwa kan ja baya. In zafi ya zarce, shi ke nan.

An ga wannan a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017. A 2016 kaɗai shingen Ostareliya ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na murjaninsa na ruwa marar zurfi. A Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta tabbatar da zagaye na huɗu, wanda zafinsa ya taɓa fiye da kashi 80 cikin 100 na tuddan duniya. Tudu na buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin masu saurin girma su dawo, yanzu kuwa zafin ba ya ba da wannan tazara. Ga kuma iskar kabon da teku ke sha, wadda ke ƙara masa tsami, ginin alli ya ƙara wuya. Rahoton kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tuddan, in ta kai digiri 2, fiye da kashi 99.

Ba duk murjani ne ya shiga wannan yarjejeniya ba. A can ƙasa cikin duhu da sanyi, kamar a gaɓar ƙasar Nowe, akwai masu rayuwa da farauta zalla, suna girma a hankali ƙwarai. An sami wani baƙin murjani a zurfin tekun Hawai da ya haura shekara 4,000. Su babban abokin gabarsu shi ne komar manyan jiragen kamun kifi da ake ja a ƙasan teku.

Akwai kuma na mashigin Akaba, a arewacin Bahar Maliya, da suka ba masana mamaki. An sa su a tankunan gwaji an ƙara musu zafi da digiri 5 sama da na bazararsu, ba su koɗe ba. Bayanin da aka fi karɓa shi ne, bayan zamanin ƙanƙara na ƙarshe kakanninsu sun shigo ne ta mashigin Babul Mandab, suka ratsa ruwan kudu mai tsananin zafi, wanda ya tace su ya bar masu juriya kaɗai, sannan suka yi arewa inda ruwa ya fi sanyi. Shi ya sa masu bincike ke matsa wa ƙasashe huɗun da ke bakin mashigin, Masar da Jodan da Isra'ila da Saudiyya, su hana dagwalon birane da malalar mai shiga ruwan, domin juriyar zafin nan kan ragu in ruwa ya gurɓace.